Sunan da Ɗan'iya Ba Ya Kira

Duk wanda ciwo ya taɓa kai shi ƙaramin asibitin nan da ke bakin garin Tambuwal ya san tagar kati, ya kuma san mutumin da ke bayanta. Sunansa na yanka Abdulhamidu, amma je ka tambayi Abdulhamidu a asibitin ka gani, kallon baƙo za a yi maka. Ɗan'iya kowa ke ce masa tun daga Fakku inda aka haife shi, don kakarsa Iya ce ta goya shi. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana zaune kan kujera ɗaya ta katako, wadda ƙafarta guda ta gajarce har ya tokare ta da ninkakken kwali. An kawo sababbin kujerun roba sau biyu, ya ce a ba masu ciwon baya.

Aikinsa biyu ne, rubuta suna da kiran suna. Ka zo ka faɗi sunanka da na ubanka ko na mijinki, ya rubuta a kati da wani irin rubutu mai tsabta wanda tun yana firamare a Kebbe malamai ke sa shi ya cika musu rajista saboda shi. In layi ya zo kanka ya leƙo ta taga ya kira ka da muryar da masu kabu-kabu na bakin titi ke jiyowa. Ba ya tsallake kowa, ba ya sa ɗan wane gaban ɗan talaka. Hakimin wani gari ya taɓa aiko da matarsa da takarda, Ɗan'iya ya karanta takardar tsaf, ya ninke, ya ba ta lamba ta goma sha tara.

Suna ɗaya ne tak ba a taɓa jin ya fito daga bakinsa ba. Duk macen da ake ce wa Khairiyya, in katinta ya zo hannunsa, sai ka ji ya ce, "Mai-alheri matar wane!" ko "Mai-alheri ɗiyar wane!" Mata su yi dariya, mai sunan ta tashi tana murmushi. Ma'aikata sun ɗauka barkwancinsa ne. Mansur mai ba da magani har kwaikwayonsa yake yi. Kai, mutane! Shekara ashirin da huɗu suna dariyar abu ɗaya, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce, to wai me ya sa sai wannan sunan?

Ga abin da ya sa. Ɗan'iya ya auri Nasiha yana da shekara biyu da kama aiki, shekara na zagayowa ta haifi 'ya mace, aka sa mata Khairiyya. 'Yar fari ce, kuma gidan su Ɗan'iya gida ne mai alkunya ta gaske, don uwarsa Bafulatana ce, ta kuma shayar da su kunyar nan tun suna goye. A gidansu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa gaban mutane, ba ya cewa nawa ne. Ranar da aka yaye yarinyar, yayansa Rufa'i da matarsa, waɗanda Allah bai ba haihuwa ba, suka zo daga Fakku suka tafi da ita riƙo. Nasiha ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ɗan'iya ya raka su tasha, ya ɗora musu kaya, ya tambayi direba lafiyar hanya, bai ko kalli inda aka goya ta ba. Daga ranar sunanta a bakinsa ya koma "ta Fakku". Ita kuma ta tashi tana ce wa Rufa'i Baba, shi tana ce masa Baban Tambuwal, ko da yake ta san komai tun tana ƙarama, don ba abin ɓoyewa ba ne, abin da ba a faɗa ne kawai.

Allah ya ƙara ba su 'ya'ya biyar a baya, waɗanda yake kira da sunansu, ya yi musu tsawa, ya ja kunnensu. Amma duk ƙarshen wata in ya hau mota zuwa Fakku, akwai littafin rubutu da biro a aljihun rigarsa, ya miƙa wa matar Rufa'i ya ce, "A ba yara." Yarinya ɗaya ce a gidan, kowa ya sani. Wata rana tana da shekara tara ta zo ta durƙusa gabansa ta nuna masa littafinta. A bango ta rubuta Khairiyya Rufa'i. Ya duba ya ga hannunsa ne sak, har yadda take lanƙwasa wutsiyar harafi. Ƙirjinsa ya cika, ya ji kamar ya ɗaga ta sama. Abin da ya iya yi kawai shi ne ya karɓi biron ya gyara mata wutsiyar y ta biyu, ya ce, "Ki riƙa daidaita su," ya mayar mata.

Ta yi makaranta, ta auri wani malamin firamare a Kebbe da son ranta. Ranar ɗaurin aure Rufa'i ne waliyyi, Ɗan'iya yana can baya yana raba goro.

Bana, cikin damina, wata Litinin da hantsi, yana kan kujerarsa wayarsa ta yi ƙara. Rufa'i ne. Haihuwa ta zo wa Khairiyya da gardama tun asuba, an ɗauko ta a mota, ba a kai asibiti ba ta cika, ita da abin da ke cikinta. Ɗan'iya ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ƙarasa rubuta katin da ke gabansa, don mai katin na tsaye tana jira. Sannan ya tashi ya nufi ofishin shugabar asibitin.

Sista Safara'u ita ce shugaba, wata takwas da kawo ta. Mace ce mai ƙoƙari, ba ta da mugunta, sai dai gaggawa. A barikin 'yan sanda na Kaduna ta tashi, inda in mutum na da magana sai ya faɗe ta. Tana cike wasu takardu ya yi sallama.

"Sista, an yi muna rasuwa Fakku."

Ta ɗago. "Subhanallahi. Wa ya rasu?"

Nan ne fa. Kalma biyu ce, da ya faɗe ta da an gama. Amma bakin da ya yi shekara ashirin da huɗu yana kauce wa abu ba ya koyon faɗinsa a tsaye cikin ofis.

"Ɗiyar yayana ta," in ji shi.

"Allah ya jiƙanta, ya ba yayanka haƙuri. Ka je, amma don Allah ka dawo kafin Laraba. Ka san ranar awo ce, ga zazzaɓi ya cika gari, ba ni da wanda zan sa a taga."

Ya ce to.

A Fakku ya tarar an kai ta. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Rufa'i na tsakiya, ido jawur, mutane na zuwa suna durƙusawa gabansa. Ɗan'iya bai zauna ba. Ina ma zai zauna? Tsakiyar tabarma ta uba ce, kuma garin duk ya san wa ya riƙe ta. Shi ya kawo buta, shi ya gyara wa baƙi takalma, shi ya nuna wa mutanen Kebbe inda za su yi alwala. Duk wanda ya gama da Rufa'i sai ya dafa kafaɗarsa a hanyar fita ya ce, "Ɗan'iya, ka riƙa ba yayanka haƙuri, ka ga halin da shika ciki." Ya ce insha Allahu. Tsofaffin da suka san ko ɗiyar wa ce suka yi shiru, don a wurinsu raga masa ne, kada a sa shi jin kunya. Ko addu'ar uku bai tsaya ba. Talata da rana ya baro Nasiha cikin mata ya hau mota, don hanyar ba a son bin ta bayan la'asar.

Laraba da safe ya buɗe taga. Mansur ya ce, "Ashe rasuwa anka yi muku? Allah shi jiƙan musulmi," ya wuce da kwalin magani. Shi ke nan ta'aziyyar da aka yi masa a wurin da ya yi shekara ashirin da bakwai.

Ya ja kujera zai zauna, sai ya ji ba zai iya ba. Ba ciwo ba ne, kawai jikin ne ya ƙi. Ya rubuta kati uku a tsaye, ya fita ya duba famfo ko an bar shi a buɗe, ya dawo. Benci cike da mata masu ciki, wasu na fifita da kati, wasu na hira. Ya kira biyar, ya fita ya taɓa kwaɗon ƙofar sito, alhali ba shi ke riƙe da makullin ba. Ya je bakin titi ya tsaya yana kallon motocin Sakkwato na wucewa, sai da wata mata ta aiko a ce masa layi ya tsaya. Haka ya wuni. Haka ya yi washegari, haka ya yi sati. Ya zazzage akwatin katunan bara ya ce zai jera su, ya bar su a ƙasa ya tafi duba ko akuya ta shigo lambun bayan asibiti. Katin Sanyinna ya shiga cikin na Tambuwal, na yara ya shiga cikin na manya. Mutumin da bai taɓa ɓatar da kati ba, sai ga shi ana neman uku a rana.

A gida ma haka. Ya ci loma biyu ya miƙe, ya leƙa zaure, ya dawo, ya ce zai je gona duba gero, ya kai rabin hanya ya juyo. A masallaci kaɗai yake iya zama, shi ma da an sallame ya riga kowa fita.

Ma'aikata sun gani sarai, ba makafi ba ne. Sai dai kowa ya ba abin sunan da ya ga dama. Mansur ya ce tsufa ne. Ungozoma ta ce ko hawan jini ne, ta auna shi ta ga lafiya lau. Wani ya ce ko aure zai ƙara. Sista Safara'u ta yi masa magana sau biyu a tsaye, tana tafiya, "Malam Ɗan'iya, ka nutsu mana." Ba wanda ya haɗa wannan da tafiyarsa Fakku. Ɗiyar ɗan'uwa ce fa, in ji su, an yi an wuce.

Laraba ta biyu wata yarinyar mace ta zo daga Sanyinna, cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura. Ta tsaya a taga ta ce, "Khairiyya Usama." Hannunsa ya rubuta, don hannu ba ruwansa. Da layi ya zo kanta ya ɗauki katin, ya leƙa ta taga, ya buɗe baki zai ce Mai-alheri kamar kullum. Bai fito ba. Ya sake gwadawa, ya kasa. Ya tura katin ƙarƙashin sauran ya kira ta gaba, da nufin in ya ɗan huta ya dawo kanta. Katin ya sake hawowa sama, ya sake tura shi ƙasa. Sai bayan azahar Mansur ya gan ta ita kaɗai a benci ya shigar da ita. Aka ce jininta ya yi ƙasa, ta dawo sati mai zuwa.

Ta dawo, mijinta ya kawo ta a babur ya tafi kasuwa. Ɗan'iya ya ga katin tun da safe, ya rantse a ransa yau ita zai fara kira. Ya riƙe katin har gumin hannunsa ya jiƙa gefensa. Ya ajiye, ya fita duba famfo. Ita kuwa baiwar Allah mai kawaici ce, ba ta tashi ta yi magana ba, tana ganin waɗanda suka zo bayanta suna shiga suna fita. Ƙarfe biyu Usama ya dawo ya tarar da matarsa ta jingina da bango, jiri na ɗibarta, ko ruwa ba ta sha ba.

Wayyo, ranar asibitin ya ji murya. Usama ya buga tagar da tafin hannu.

"Kai dattijo! Mi matata ta yi maka? Sati biyu! Khairiyya! Khairiyya! Sunan na da wuyar faɗi? Ko sai mun ba ka wani abu?"

Duk kiran da ya yi, Ɗan'iya sai ya ja da baya taki ɗaya, har bayansa ya bugi akwatin kati. Atu mai shara, wata tsohuwa 'yar ƙasar Kebbe mai kaifin baki, tana tsaye da tsintsiya tana kallonsa, ba Usama take kallo ba. Sista Safara'u ta fito ta shigar da matar da kanta, ta ba mijin haƙuri, shi kuma ya ce wallahi sai ya kai ƙara sakatariya.

Kafin a tashi Sista ta miƙo wa Ɗan'iya takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke ce wa kweri. Ta ce ya rubuta dalilinsa kafin Juma'a da safe. In ba gamsasshiyar amsa, za ta aika sunansa sashen lafiya a ɗauke shi daga tagar, dama an daɗe ana maganar kawo mai kwamfuta. Ta faɗa ba tare da tsawa ba, ranta a ɓace.

"Mace mai jini ƙasa, Malam Ɗan'iya. Da ta faɗi fa?"

Wannan ce ta fi yi masa ciwo, don gaskiya ce. Da ta faɗi fa? Shi da ya san abin da ke faruwa da mai ciki in an makara.

Alhamis ya wuni da takardar a aljihu. Ya fito da ita ya shimfiɗa a tebur, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta "Ranki ya daɗe", ya tsaya. Mutumin da ya rubuta sunan rabin ƙasar Tambuwal ya kasa haɗa layi ɗaya. Ya ce ba shi da lafiya? Ƙarya ce. Ya ce mantuwa ce? Bai manta ba, ai da mantuwa ce da ya ji sauƙi. Ya ninke ta, ya zaga bayan asibiti, ya dawo ya buɗe ta. Yana tsoron rasa tagar nan ƙwarai, don in aka raba shi da ita bai san inda zai kai ƙafafun nan da suka ƙi tsayawa ba.

Da la'asar ya tarar da Nasiha a tsakar gida tana tsince wake. Tun da ta dawo daga Fakku ba su yi maganar ba, ita ma 'yar farinta ce, kunyar da ke kansa ta fi nauyi a kanta. Ya gaya mata zancen takardar yana tsaye.

"Gaya masu mana," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"In ce mi?"

Ta ci gaba da tsintar waken da ta riga ta tsince. Ya ɗan tsaya, ya ce zai je duba gero.

Juma'a da safe ya shiga ofishin Sista Safara'u ya ajiye takardar. Ta juya ta gaba da baya.

"Ranki ya daɗe kawai? Shi ke nan amsar?" Ta ajiye biro. "Zauna, Malam Ɗan'iya."

"Nan ma ya yi, Sista."

"Ni fa ba na son in aika sunanka. Kowa ya ce min kafin in zo ba a taɓa kuka da kai ba. Ka taimake ni. Matar nan ta yi maka wani abu ne? Ko akwai wata rigima tsakaninka da mijinta?"

"Babu."

"To mene ne?"

Ya dubi taga, ya dubi ƙofa. A bakin ƙofar Atu ce ke goge daɓe, ta daɗe tana goge wuri ɗaya. Ta jingine sandar gugar ta shigo ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Sista, ki yi man haƙuri, tambaya guda ni ka yi in fita." Ta juyo. "Ɗan'iya, wadda ta rasu Fakku, mi sunanta?"

Ya dubi ƙasa.

"Ɗiyar yayanka ta, ko ba haka kac ce ba? To faɗi sunanta mu ji."

Leɓensa ya motsa. Ya kai hannu ya riƙe bayan kujerar da aka ce ya zauna. Atu ta tafa hannu ta dubi Sista.

"Kin gani? Ɗiyar ɗan'uwa ba ta da nauyi ga baki, kowa na faɗin sunanta. Wadda ba a faɗi, ɗiyar fari ta. Tashi ta, Sista, shi ya haife ta, yayan riƙo ya yi. Mu can haka mu ka yi, uba ba shi cewa tawa. Sunanta Khairiyya, shi ya sa shekara da shekaru shika cewa Mai-alheri muna washe baki." Muryarta ta karye, ta koma faɗa, don Atu ba ta iya kuka ba sai da faɗa. "Ni ma tir da ni! Ni da na san wanga abu tun ina yarinya, sati ukku ina shara ƙarƙashin ƙafarka kana zarya, ban duba ba. Sai shekaranjiya da mutumin nan ya riƙa kiran sunan na ga kana ja da baya. Haba Ɗan'iya! Mutum ya binne ɗiyatai Litinin, Laraba a tsai da shi gaban masu ciki shi yi ta kira?"

Sista Safara'u ta dafe baki. Ta dubi dattijon da ke tsaye, ta dubi takardar da ke gabanta. Ita ce ta ce ya dawo kafin Laraba, ta tuna, har da don Allah. Kunya ta kama ta ƙwarai, idonta ya kawo ruwa.

"Gaskiya ne, Malam?"

Ya sunkuyar da kai kawai, kuma a wurin mutum irinsa wannan ya isa.

Ta ɗauki takardar tuhumar ta yaga biyu ta jefa kwando.

"Ka yafe ni. Na tambayi wa ya rasu, ban tambayi kai yaya kake ba, kuma sati uku ina ganinka." Ta share ido da gefen mayafi, ta koma shugaba. "Matar nan ba ta yi laifi ba, ni zan je Sanyinna da kaina in ba su haƙuri, in duba ta. Kai kuma daga yau ka tafi hutu sati biyu, ka je Fakku, ka zauna da matarka. In ka dawo tagarka na nan. Ranar awo Mansur zai riƙa kira, kai ka rubuta, har ranar da ka ce ka iya." Ta jawo wata takarda daga aljihun tebur, ta tsaya. "Sai dai takardar hutun rasuwa na son sunan mamaci. Ba sai ka faɗa ba. Rubuta min kawai."

Ta miƙo takardar, amma hannunsa ya riga ya shiga aljihu ya fito da sabon kati, irin wanda yake yanka wa kowa, don shi hannun ya sani. Ya sunkuya kan tebur. A layin farko ya rubuta sunan, ya daidaita wutsiyar y ɗin nan biyu. Biro ya sauka layi na biyu, inda ake sa sunan uba, ya tsaya a wurin. A makaranta Rufa'i aka rubuta, a takardar aure Rufa'i, a bakin duk mutanen Fakku Rufa'i. Kuma Rufa'i ya cancanta, shi ya yi goyo da jinya da komai. Ɗan'iya ya daɗe a sunkuye. Sannan ya rubuta, ya tura mata katin.

Ta karanta a ranta, ba ta furta ba. Khairiyya Abdulhamidu.

Atu ta riga ta fita. Yana jiyo muryarta a tsakar asibiti tana ba da umarni kamar ita ce shugaba, a ɗauko tabarmar masallaci, a shimfiɗa gindin dogon yaro, Mansur ya rufe tagar magani minti goma ba wanda zai mutu, a kira Malam Na'iya mai gadi ya zo ya ja addu'a. Da Ɗan'iya ya fito ya ga tabarmar, ya ga ma'aikata tsaye gefe sun cire takalma, har matan da ke benci sun gyara lulluɓi, sai ya nufi inda buta take, zai ɗauko wa mutane ruwa.

"Ina za ka?" in ji Atu. "Aje butar nan. Can tsakiya."

Ya ajiye. Ya taka tabarmar, ya tsaya a gefenta, ta nuna masa da hannu ya matsa. Sai ya zauna.

Atu ce ta fara zuwa. Tsohuwar da ta girme shi da shekara goma ta durƙusa gabansa, ta kira shi da sunan da ba a taɓa kiransa da shi a asibitin ba.

"Malam Abdulhamidu, ya haƙurin ɗiyarka?"

Amsar kowa ya san ta, ya ba da ita a madadin wasu sau ba adadi. Ya buɗe baki, ba ta fito ba. Ya ja hular kansa ya rufe fuskarsa da ita, kafaɗunsa na rawa. Ba wanda ya ce ya yi shiru, ba wanda ya ce ya tashi. Mansur ya durƙusa bayan Atu yana jiran layinsa.